Lafiyata Ƙalau, In Ji Hajiya

Na ji ki, Hajiya. Ba ciwon mara, ba jini, me zai kai ki asibiti ki tono abin da yake kwance? To ai sankarar bakin mahaifa irinki take so, mai lafiya ƙalau. Ƙwayar HPV da ke haddasa ta tana iya shafe shekara 15 zuwa 20 tana aikinta shiru, ko sallama ba ta yi miki ba. Ranar da kika fara ganin jini bayan kwanciya da maigida, ko ya dawo bayan kin daina al'ada, ko ruwa mai wari, sau da yawa ta riga ta yi nisa.

Sai batun kunya. Wai ba za ki iya buɗe jiki gaban nas ba, ke da kika haifi bakwai! Gwajin fa bai kai zaman da kike yi kina jiran lalle ya kama ba. Ki kwanta, a sa ɗan ƙarfe a buɗe, a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, a jira minti guda. Inda ya yi fari nan ake zargi, kuma in bai bazu ba ana iya ƙone wurin ko a daskarar da shi, ki ɗaura zanenki ki tafi gida.

Na ga kin zabura da jin ƙarfe. An ce daji ba ya son ƙarfe ko allura, ko? Abin da ke faruwa shi ne, a yi ta shan jiƙe-jiƙe har ciwo ya cinye mace, a kai ta asibiti rai a hannun Allah, in ta cika a ɗora wa allura. A 2020 kaɗai, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Maigida, kar ka noƙe, ina hangen ka. "Matata kamila ce." Wa ya musa? Ta saduwa ƙwayar take yawo, namiji kan ɗauke ta bai sani ba, kuma kai ne mai zagaya ɗakuna, daga na uwargida zuwa na amarya. Izini da kuɗin mota kawai ake nema a wurinka.

A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta. Kuka ce hana haihuwa ne. Haka kuka ce da foliyo a 2003, yau ga waɗanda aka ɗiga wa nan, sun hana mu sakat da gayyatar suna.

Hajiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko ba komai mace ta yi gwajin kafin ta wuce 35, ta sake kafin ta wuce 45. Na san kin tsaya a 34 tun kafin auren babbar 'yarki. Ki je haka nan, nas ba za ta faɗa wa kishiyarki ba.