Mai Alkawarin Ranar Wuya

Idan ana neman wanda ya fi kowa iya yi wa Allah alkawari a ikilisiyarmu, kada dattawa su wahalar da kansu da zaɓe, ni ne. Sai dai alkawarin nawa yana da lokacinsa. Ba ya fitowa sai ruwa ya kai mini wuya, da zarar na sami numfashi kuma sai ya bi iska.

Lokacin da taifot ya kwantar da ni a asibiti ana ƙara mini ruwa, na ɗaga ido sama na ce in dai na tashi, addu'ar asuba ba za ta ƙara wuce ni ba har in koma ga Mahaliccina. Na kuwa tashi. Da farko har riga mai buɗe majami'a zuwa nake yi. Da hunturu ya kankama sai na gano wani zurfin ilimin tauhidi, wato Allah yana ko'ina, har cikin bargo. Addu'a ta koma kan gado, daga nan ta rikiɗe ta zama minshari.

Na biyun ya fi ban kunya. Mun taso daga Jos a motar haya, muna tsakiyar gangaren Hawan Kibo, direba ya ce birki ya ƙi. Kowa ya kama kiran sunan da ya sani. Ni kuwa na buɗe murya na ce, "Ya Ubangiji, ka fid da ni, rago zan kawo ranar godiya!" Na manta uwargida tana gefena, kunnenta kuma ƙalau. Direba ya samu ya goga motar a jikin tudu ta tsaya, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Kafin kaka ta zo ragon ya fara ramewa a zuciyata. Na leƙa kasuwar dabbobi na ji kuɗi, ya koma ɗan akuya. Na tuna kuɗin makarantar yara, ya koma zakara. Ranar godiya ana kiɗa ana guɗa, masu buhun masara da masu doya sun jeru, ni kuma na biyo baya da 'yar budurwar kaza a hammata. Uwargida ta dubi kazar, ta dube ni, ta ce a hankali, "Maigida, ashe ragon naka fiffike ya yi."

Duk da haka ni ne malamin Makarantar Lahadi, kuma ba darasin da ya fi mini daɗin koyarwa kamar taurin kan Isra'ilawa. In na buɗe Littafin Mahukunta har miƙewa tsaye nake yi. Su rabu da Ubangiji, Eglon sarkin Mowab ya mallake su shekara 18, su yi kuka, a aiko musu Ehud. Ehud na mutuwa su koma gidan jiya, Yabin sarkin Kan'ana ya gasa musu aya a hannu shekara 20, su yi kuka, ga Debora da Barak. Sai Madayanawa su addabe su shekara 7, har Gidiyon ya koma sussukar alkama a ɓoye a wurin matse inabi. Ina girgiza kai na ce, "Yara, kun taɓa ganin masu mantuwa irin waɗannan?" Sai 'yata, wadda ta taya ni ɗaure ƙafar kazar nan, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, su ma rago suka ce za su kawo?" Na ce kowa ya rufe ido mu yi addu'a.

Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. Da na sauko daga kan nawa na sake karanta labarin, sai hankalina ya bar mutanen ya koma kan wanda yake ta haƙuri da su. Musa ya yi kwana 40 a Dutsen Sina'i, kafin ya sauko sun tara 'yan kunne Haruna ya ƙera musu maraƙin zinariya. Hukunci ya sauka, mutum wajen 3,000 suka mutu. Amma a Nehemiya sura 9, da Lawiyawa suke tuna wannan tarihi bayan dawowa daga Babila, sun shaida cewa al'amudin girgije bai rabu da jama'ar ba, manna kuma ba ta yanke ba. Wato mutanen da suka yi rawa a gaban maraƙi sun ci gaba da fita da sassafe suna tsintar abinci daga hannun wanda suka yi wa kishiya. Haka aka yi shekara 40, tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu ba su kumbura ba.

Musa ma bai ɓoye musu dalili ba. A Maimaitawar Shari'a sura 7 da ta 9 ya gaya musu ba don yawansu aka zaɓe su ba, ba kuma don adalcinsu za su ci ƙasar ba, sai don ƙaunar Ubangiji da rantsuwar da ya yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Nan na gane da a ce tuwon gidana yana jiran in cika alkawari, da tuni yunwa ta gama da mu.

Zuciyata mai wayo ta yi wuf ta ce, to ai kazar ma ta wadatar ke nan. Sai na ci karo da Bulus a Romawa sura 2 yana cewa manufar alherin Allah ita ce ya jawo mutum ga tuba, Mai Hadishi kuma ya ce gara kada a yi wa'adi da a yi a ƙi cikawa. Ba kuma ni kaɗai ba ne. Dubi yadda majami'a take cika maƙil daren shiga sabuwar shekara da lokacin jarrabawa, ka dawo bayan sakamako ya fito ka ƙirga kujerun da babu kowa.

Ni dai na fara tara kuɗin rago, uwargida ce ma'aji, ba ta kuma ba da rance. Kai ma ɗan'uwa, in akwai abin da ka ambata ranar wuya, tashi ka kai. Wanda ka yi wa alkawarin bai fasa ciyar da kai ba, amma kada ka ɗauki haƙurinsa a kan mantuwa.