Alhaji Zai Sayi Jirgin Ruwa

Mota ta daina burge kowa, tunda har yaron shago yana da tasa. Yanzu in kana so a san ka ci ka ƙoshi, sai a ga hotonka a Facebook a tsakiyar tafkin Jabi na Abuja, da baƙin tabarau, hannu a kan inji, iyali a bayanka suna murmushin tsoro. Wannan zazzaɓi ne ya kama wani Alhaji a layinmu, har ya kawo wa majalisa hoton jiragen roba biyu, irin waɗanda ake hura wa iska a maƙala musu inji a baya, wai a taya shi zaɓe.

Na farko na robar PVC ne, mai ɗan sauƙin kuɗi, mutum huɗu yake ɗauka, in an sace iskarsa a naɗe shi ya shiga but ɗin mota. Na biyu na Hypalon ne, daɓensa na alminiyam, yana ɗaukar mutum shida da inji mai ƙarfin doki 15, kuɗinsa kuwa sai an zauna kafin a faɗa. Bambancin da ya shafe mu guda ne: PVC ba ta shiri da zafin rana, tana bushewa, gam ɗinta ya saki, ita kuwa Hypalon tana jurewa. Wanda ya san ranar Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya riga ya san amsa.

Amma majalisa ba ta zauna don amsa ba. Mutum takwas suka yi ta muhawara har aka kira isha'i, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya iya iyo. Ɗaya ya ce, "Alhaji, girmanka ya wuce ƙaramin, me mutane za su ce?" Wani dattijo ya juya hoton sama da ƙasa ya ce, "Yanzu ɗan nan miliyoyi za ka zuba ka sayi iska?" Mai facin bakin titi, da ya hango kasuwa, ya rantse cewa ƙaya ɗaya ta isa ta kai kowa lahira, don haka a riƙa tafiya da shi. Ba haka ba ne, jikin jirgin ɗaki-ɗaki ne, in ɗaya ya huje sauran suna riƙe da iska, amma wa zai tsaya gyara wa mai neman abinci zance?

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin iyali. Wanda ya rubuta "mutum shida" a jikin jirgin, iyalin Bature ya ƙirga: miji, mata, yara biyu, da wurin baƙi biyu. Alhaji kuwa matansa biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya, ga ƙanwar amarya da ta zo hutu tun bara, ga kular shinkafa wadda ita kaɗai nauyin mutum ce. Uwargida ta riga ta aiko cewa kujerar gaba tata ce, tunda ita ta sha wahala da shi tun yana hawa Vespa. Amarya ta ce ai ranar Asabar girkinta ne. An tashi daga rabon kwana an koma rabon kujera, jirgin ma bai iso ba.

Da aka nuna wa Alhaji wannan, sai ya ce, "Haba, ai sai a matsa." Wannan kalma ita ce gadonmu. Da ita muke cusa mutum tara a mota mai kujera biyar, mu ɗora akuya a cinya. Titi yana ɗaga mana ƙafa, ruwa kuwa bai san "a matsa" ba. Lodin da ya wuce kima yana cikin abubuwan da ke kifar da kwale-kwale a jihohin Neja da Kebbi, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta gaji da roƙon mutane su sa rigar kariya. Da aka ambaci rigar, Alhaji ya yamutsa fuska, wai za ta ɓata masa zaman babbar riga a hoto.

Sai maganar inda za a kai shi. Ruwan da Alhaji ke hari shi ne madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Baƙo, tafiyar sama da awa guda daga birni. Mota ta sha fetur, inji ya sha, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Za a je sau ɗaya a yi hoto, a je na biyu don surukai su gani, daga nan jirgi ya kwanta a gareji kusa da keken motsa jiki, ɓeraye su gaje shi.

Alhaji, in dole sai ka saya, ɗauki na Hypalon, ka sayi rigar kariya daidai kan kowa har da na goye, ka riƙa shiga da su kashi-kashi. In kuwa hoton kawai kake so, je Jabi ka biya kuɗin zagaye ɗaya, direban jirgin ma zai ɗauke ka da wayarka kyauta.