Kujerar da ke Haɗiye Baƙo

Ni dai na daɗe da yanke hukunci cewa yawancin kujerun kushin da ke falukanmu ba don zama aka saye su ba, don 'yan ganin ɗaki ne. Hujjata tana nan a gidan kowace sabuwar amarya. Dattijo zai shigo, malum-malum ta sha sitaci, a ce, "Baba, bismilla, ga kujera." Yana sakin jiki sai ta haɗiye shi, gwiwoyi su taso dab da haɓa, hula ta karkace. Da an kira salla sai ya shiga yunƙuri yana "ya salam", har sai ango ya kama hannunsa ya tumɓuko shi. Gwaggo kuwa, da yake Allah bai hore mata tsawo ba, in ta jingina sai ƙafafunta su bar ƙasa suna reto, in ta sauke su sai bayanta ya rasa majingina. A fito ana zargin tsufa da sanyin ƙashi, alhali laifin na awo ne.

Awon nan ba wani sirri ba ne. Tsayin mazauni daga ƙasa ya kamata ya zo daidai da ƙwaurin mai zama, wato inci 17 zuwa 18 ga yawancin manya. In ya gaza haka, ƙugu zai sauka ƙasa da gwiwa, tashi ya zama kokawa. Zurfinsa, daga baki zuwa majingina, inci 20 zuwa 22 ya wadatar. Abin da ya zarce haka na dogaye ne da masu niyyar kwanciya. Sai ɗakin kansa. Saiti mai cin mutum bakwai, mai uku, mai biyu da ɗai-ɗai guda biyu, shi ake cusawa a falo mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. Mai ukun kaɗai ta kai ƙafa 7, kowace kuma tana cinye kusan ƙafa 3 daga bango. A jera su fuska da fuska, ƙafa 6 ce ta rage, a dasa tebur a tsakiya, amarya ta riƙa wucewa a karkace da tiren abinci. Wannan ma in sun shiga ke nan, don ranar jere sau da yawa sai an kira kafinta ya ɓalle ƙyaure, mata na gefe suna ba da umarni.

Za a ce mini babbar kujera mutuncin yarinya ce a dangin miji. To, wane mutunci ya rage bayan an ga surukinta yana neman agaji? Za a ce mai laushi ta fi daɗi. Laushin minti biyar a shago daban, zaman hira tun daga Magariba har bayan Isha daban. Soson da ke lotsewa inci 4 ya mai da kujera mai inci 18 ta koma 14, kuma mai arha yakan lotse ya ƙi dawowa, har katako ya fara gaisawa da baƙo. Masu cewa ai mu dama a ƙasa muka saba zama, su ne suka fi kowa gaskiya: shi ya sa za ka tarar da mutanen gida a kan kafet sun jingina da kujerar, an kashe dukiya an sayi matashin baya.

Don haka, iyayen amarya, kafin ku biya ku auna falo, ku auna ƙofa, ku tafi shagon da mafi gajarta a dangi. Ta zauna ta jingina. In tafin ƙafarta ya taka ƙasa, yatsu biyu suka shiga tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarta, ta kuma miƙe ba tare da salati ba, ku yi ciniki. In ba haka ba, ku bar wa mai shago kayarsa ko da daga Turkiyya aka kawo ta.