Abokan Teburi a Gidan Taliyar Naman Shanu

A ƙananan gidajen taliya na Taipei ba a ware wa mutum teburinsa shi kaɗai. Inda kujera ta samu nan za ka zauna, ka yi maki a 'yar takardar oda, ka jira kwanonka tare da duk wanda Allah ya haɗa ku.

Idan ranar ba taka ba ce, Malam Masani za ka tarar. Cokali ba zai kai bakinka ba sai ka sha tarihi: manoman Taiwan na da ba sa cin naman sa don shi ke ja musu garma, sojojin da suka tsallako daga Sin a 1949 ne, musamman 'yan Sichuan, suka kawo girkin, da yajin wake irin na garin Gangshan. Abin haushin, ba ƙarya yake ba, don haka ba ka da bakin katse shi. Zai kurɓi romo ya lumshe ido, ya juya shi a baki, sannan ya girgiza kai: an rage ƙashi, an yi gaggawar sauke tukunya. Ya leƙa kwanonka ya ga zallan tsoka, sai ya dube ka da tausayi, don a wurinsa wanda bai ce rabi jijiya rabi nama ba yaro ne. Jan romo ka zaɓa ko farin romo irin na gidajen Musulmi, ɗayan ne daidai. Bikin taliyar da birnin ya fara a 2005 kuwa, alƙalansa ba su da harshe. Gidan da ya fi kowanne yana can wani lungu, kuma kullum ya riga ya rufe, tsohon mai gidan ya rasu, 'ya'yan sun ɓata sana'ar. Duk da haka tas yake barin kwanonsa.

Mai farar riga ya shigo fes, ya fita da ɗigon ja har wuya. Mai hoto na ɗaga taliya sama tana neman haske, har ta jiƙe ta yi laushi, kitse ya fara daskarewa a saman romo. Jarumin barkono ya tula cokali uku, ga shi nan yana sharɓar majina yana rantsuwa babu zafi.

Akwai kuma ɗan'uwanmu da karatu ko sarin kaya ya kawo. Ya tambaya ko an zuba giyar shinkafa ko kitsen alade, kuma tambayar na kan hanya. Da hankalinsa ya kwanta ya kurɓa, sai ya ce, "Au, ashe farfesu ne da taliya." Ya yi ta kokawa da tsinkaye biyu, taliyar na sulɓewa tana fantsama wa maƙwabci romo. Shi ba zan matsa masa ba, don irin cokali mai yatsun da yake ɓoyewa a jaka akwai shi a tawa.

Wanda ba na yafe wa shi ne mai lasar tsinke. Kwalbar ganyen tsami ta kowa ce, ga cokalinta a ciki, amma sai ya zare tsinkayen daga bakinsa ya tsoma, ya tona, ya zaɓa, ya sake lasa ya koma. Ya gama ci kuma ba zai tashi ba. Ya miƙe ƙafa yana sakace yana latsa waya, alhali wata tsohuwa da jikanta suna tsaye a bakin ƙofa cikin ruwan sama, sun zuba wa kujerarsa ido.