Filasta Uku, Leda Ba Fata

Jiya da la'asar muna zaune a ƙofar gidan maƙwabcina, sai birkila ya leƙo daga kango, hannu duk siminti, ya ce, "Alhaji, saura filasta fa." Alhaji ya dubi lebura, ya ga yatsansa na jini, ya zaro naira 500 ya ce wa ɗansa ya ruga kemis. Yaro ya dawo da abin manne ciwo, birkila ya riƙe baki. Shi buhu 10 na siminti da tifar yashi mai laushi yake nufi. Muka yi ta dariya har da ƙwalla.

Wani dattijo ya ce ai halinmu ne, mu ari kalmar Bature mu karya mata wuya. Na ce, "Baba, wannan karon ba mu da laifi." A Ingila ma kaya uku kalmar take ɗauka: shafen bango, abin rufe rauni, da farin garin da ake kwaɓawa a asibiti a ɗaure karaya. Na ukun nan shi ne Pi-O-Pi ɗin da muke gasar yi wa silin ado da shi. Sunan Paris ne a wutsiyarsa, don a tudun Montmartre na birnin aka daɗe ana haƙo dutsensa. Wato abin da ke saman falon amarya, shi ne a ƙafar ɗan acaɓan da ya sha ƙasa.

Inda muka yi ta'adi da gaske, leda ce. A bakin masu ita, jemammiyar fata take nufi. Mu da majeman Kano da Sakkwato suka yi ƙarnoni suna jeme fatar jar akuya, ayari na ƙetara Sahara da ita, Turawa na saye suna ce mata fatar Maroko, mu ne muka ɗauki sunan muka liƙa wa abin ƙulla koko. Bai ishe mu ba, shimfiɗar tsakar ɗaki ma muka ce leda ce. Ka je wurin baduku ka ce ya ɗinka maka takalmin leda, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Roba kuwa, Turawa sun raɗa mata suna ne tun wajen 1770, don tana goge rubutun fensir. A nan bokiti roba ne, kujerar biki roba ce, har mazubin abincin almajiri.

Baba ya gyara zama ya ce a zamaninsu babu wannan ruɗani: bango yaɓe ake masa, a bi shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, karaya kuma sai maɗori. Ba wanda ya yi masa musu. Lebura dai ya manne yatsansa, Alhaji kuma har yanzu bai sayo simintin ba.