Hanyar da Kiran Salula Yake Bi, da Inda Yake Ɓacewa

Kiran salula ba ya fita daga wayar mai kira ya faɗa kai tsaye cikin wayar wanda ake nema, ko da su biyun suna zaune a kan tabarma ɗaya a unguwar Zariya ta Maraɗi. Sai ya fara hawa eriyar da ta fi kusa, daga can ya wuce cibiyar kamfani, inda na'urar rarraba kira take. A nan ake tsare shi a yi masa tambayoyi. Layin nan namu ne? An yi masa rajista, ko an dakatar da shi? Akwai kuɗi a ciki, kuma minti nawa za su kai? Ana gama wannan bincike kafin mutum ya kai wayar kunnensa. Wanda ya faɗi a tambayar kuɗi, shi ne muryar matar nan take ba haƙuri da Faransanci, cikin ladabin da ke ƙara wa talaka takaici. Lambobin gaggawa kuwa, irin 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana, ana barin su su wuce ba a leƙa aljihun mai kira ba.

Bayan tantancewa sai zaɓen hanya. Lambobin Nijar guda 8 ne, kuma biyun farko su ne adireshi. Lambar da ta fara da 20 wayar girke ce, 20 41 kuwa ta Maraɗi. Mai farawa da 96 ko 97 ta Airtel ce, 94 ta Moov, 90 da 91 na Zamani, wanda ya gaji Orange bayan cinikin 2019, 93 kuma ta Niger Telecoms, da aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe Sonitel da SahelCom. Na'urar tana aiki kamar ɗan kamasho a tasha: ba ruwansa da fuskarka ko abin da zai kai ka, sunan gari kawai yake ji ya nuna maka mota. Idan lambar ta wani kamfani ce, sai a miƙa kiran ta mahaɗar da ke tsakaninsu, kamfanin da ya karɓa ya caji wanda ya aiko. Wannan kuɗin mahaɗa na cikin dalilan da suka sa ɗan kasuwar Maraɗi ke yawo da waya biyu, kowacce da layi biyu. Idan kuwa aka fara da 00234, kiran zai bi ƙofar ƙasa da ƙasa, ya yi dogon zagaye kafin ya sauka Jibiya, garin da mai babur zai kai kafin shayinsa ya gama hucewa a ciki.

Da mutane ke wannan aiki da hannu, suna cusa igiya a rami. Ana ba da labarin cewa Almon Strowger, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City ta Amurka, ya zargi mai haɗa kira da karkatar da masu neman sa zuwa ga abokin gasarsa. Haushin haka ya sa ya ƙera na'ura mai haɗa kira da kanta, aka ba shi takardar mallakarta a 1891, aka fara aiki da ita a garin La Porte a 1892. Tun daga lokacin na'ura ba ta da ɗan uwa ba ta da suruki. Abin da aka umarce ta shi take yi, kuma a nan matsalar take.

Mataki na uku shi ne neman mai wayar. Kowane kamfani yana da babban kundi da ke riƙe da bayanin kowane layi, har da yankin da aka ga wayar na ƙarshe. Wayar da ke aljihun mai tafiya Tibiri ko Madarunfa tana kai rahoton kanta a ɓoye duk sa'ad da ta sake yanki. Da kira ya zo sai a duba kundin, eriyoyin yankin su yi cigiya, wayar ta amsa, sannan ta yi ƙara. A cikin wannan kundi ake ajiye umarnin mai layi, kuma mafi haɗarinsu shi ne juya kira. Iri huɗu ne: idan layi na cikin magana ana sa **67*, idan ba a ɗauka ba **61*, idan waya na kashe ko ba rezo **62*, sai **21*, wanda ke juya kowane kira ba sharaɗi, wayar ma ba ta sanin an neme ta.

Misalin da ya fi fito da aikin **21* shi ne abin da ya sami mai wannan rubutu, malamin lakkol a Maraɗi, wanda ya karɓi ragon layya bashi a wajen wani Alhaji mai kiwo da noman zogale a Jiratawa. An ci rago, an soya, an gama har da ƙashi, saura jikka 40 ba a biya ba. Alhaji mutum ne mai zumunci a waya. Yana kira bayan asuba ya tambayi kwanan iyali, ya kira da azahar ya tambayi rana, bai taɓa ambaton rago ba, sai dai kafin ya kashe ya ce, "To Malam, ina nan dai."

Toshe mutum ɗaya aikin wayar hannu ne, ba na cibiya ba. Kiran yana isowa, wayar ta kore shi. Malamin bai san inda ake shiga ba, sai ya kai wa wani yaro mai teburin caji a bakin babbar kasuwa, wanda ke zaune cikin igiyoyi, yana da tabarau a goshi.

"Yaro, wannan lambar nake so kada ta ƙara samu na."

"Mushe, ƙaramin aiki ne. Kawo dala ashirin."

Yaron ya latsa taurari biyu, ya sa 21, ya sa tauraro, ya kwafe lambar Alhaji tsaf, ya rufe da alamar tsani. Wata ƴar kibiya ta fito a saman gilashin wayar. Malamin ya tambayi ma'anarta, yaron ya ce alamar tsaro ce.

A gaskiya, ta fuskar Alhaji, aikin ya ci. Duk lokacin da ya kira, cibiya ta duba kundi ta ga umarni, ta juya kiran zuwa lambar Alhaji, ta tarar Alhaji na kan layi yana kiran wani, ta sanar da shi cewa wanda yake nema yana magana. Bawan Allah da kansa yake ta karo. Injiniyoyi sun san irin wannan zagaye, shi ya sa saƙon da ke raka kira yake ɗauke da ƙidayar sau nawa aka juya shi, a yanke idan ya wuce iyaka, galibi 5, don kada kira ya yi ta kewaya har tashin kiyama.

Sauran jama'a kuwa hanyarsu a buɗe take, sai dai Jiratawa take kai su. Malamin ya sami kwanaki na natsuwa da bai taɓa gani ba. Waya shiru. Har ya fara gaya wa abokan aiki cewa mutane sun koyi girmama lokacin malamai. Abu ɗaya ya dame shi: kuɗin wayarsa na zurarewa alhali bai kira kowa ba. Ƙa'idar ita ce kiran da aka juya kashi biyu ne. Mai kira yana biyan na farko, daga shi zuwa lambar da ya buga. Na biyu, daga wannan lamba zuwa inda aka juya, mai juyawa ke biya. Malamin ya zagi kamfani a majalisa, ya ce ɓarayi ne, ya sake sayen kati, ya sake saye. Da ya bar layin ya bushe da abin ya tsaya da kansa, domin kashi na biyu ma sai an tantance shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya bi ta shagon uban adashinsu, don jin ko kwasa ta kusa zuwa kansa. A kan benci, ƙarƙashin dogonyaro, ga Alhaji zaune da kofin shayi, takalmansa a gefe, ƴar wayarsa ɗaure da kyauro don kada batir ya faɗo. Ya ciro takardar buhun siminti daga aljihu, an cika ta da ajami.

"Malam, barka da Juma'a. Zauna, ga saƙonninka, na aje maka."

Ya karanta su bi da bi, yana bin layi da yatsa. Uwargida ta ce a biyo da daddawa da gawayi, ta kuma ce a gaya masa ta gane. Darektan lakkol ya kira sau biyu kan takardun jarrabawa. Mai gyaran babur ya ce a zo a ɗauka ko ya sayar. Inna ta Tibiri, surukar Malam, ta kira kan bikin ƙanwar matarsa.

"Mun daɗe muna magana da Inna," in ji Alhaji. "Mutuniyar kirki. Ta ce, 'Ɗan nan ashe bashi gare shi? Mu da munka ci naman, ashe da mu a ciki.' Na ce mata kada ta damu, Malam ba ya cin haƙƙi. Na aika mata zogale."

Saƙo na ƙarshe na uban adashi ne, wanda ya kira tun Talata ya ce kwasa ta faɗo kan Malam, jikka 50, a zo Juma'a. Alhaji ya ce ya ga bai dace irin wannan albishir ya tsaya a waya ba, shi ya sa ya hau kabu-kabu ya kawo da kansa. Uban adashi ya ƙirga kuɗin a gaban kowa. Malam ya miƙa 40 da hannu biyu. Alhaji ya tuna masa kuɗin kabu-kabu, zuwa da komawa.

Juya kira ba ya shafar rubutaccen saƙo, ba ya kuma shafar WhatsApp, wanda ke bin hanyar intanet. Da Malam na buɗe saƙonninsa da ya ga gargaɗi tun da wuri, amma mai gudun bashi ba ya buɗe saƙo. Ana duba ko akwai juyi marar sharaɗi a layi da *#21#, ana kuma goge kowane iri gaba ɗaya da ##002#. Wani ɗan uban adashi, ɗan aji shida, shi ya latsa masa, kibiyar ta ɓace, nan take wayar ta yi ƙara: Inna ce daga Tibiri, tana neman Alhaji.

Matakin ƙarshe a rayuwar kira shi ne lissafi. Da an kashe, cibiya tana rubuta lambar mai kira, da wadda aka kira, da inda aka juya idan an juya, da lokacin farawa, da tsawon magana, da eriyar da aka hau. Da wannan rubutu ake cire kuɗi, da shi kamfanoni ke biyan juna kuɗin mahaɗa, a ƙarƙashin sa idon hukumar ARCEP, kuma shi ake buɗe wa mai ƙorafi a ofis. Da Malam ya je neman a mayar masa da kuɗin katinsa, ma'aikaciyar ta juyo masa da gilashin kwamfuta. Kira mafi tsawo a jerin ya tashi daga eriyar Tibiri ya sauka a ta Jiratawa, minti 47, kuma kashi na biyu a kansa aka rubuta.