Jirgina Da Ya Ƙi Rabuwa Da Ƙasa

Ni dai tun ina yaro burina a kira ni Injiniya, duk da ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidana sai an nemo mai gyara. Ranar da na ga wasu samari a YouTube suna haɗa ƙaramin jirgi mai farfela huɗu da hannunsu, na ce ai wannan wasan yara ne. Na ɗebi kuɗin da muke tarawa na gyaran rufin ɗakin girki, na yo odar kaya a ɓoye: gangar jiki, injina huɗu, ɗan allon da ake ce wa ƙwaƙwalwa, rimot, da batir 4S wanda idan ya cika yake nuna bolt 16.8. Wannan lamba na haddace ta, ina faɗa wa duk wanda bai tambaye ni ba.

Daren farko na ƙona yatsa biyu da ƙarfen dalma. Dare na biyu na liƙa jar waya a mazaunin baƙa, ina jona batir sai ga hayaƙi siriri mai warin ƙonanniyar leda. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, shara kake ƙonawa a ɗaka?" Na ce gwaji ne. Washegari na lallaɓa kasuwar Farm Centre wajen wani mai gyaran waya, na ce masa kayan wani abokina ne. Ya juya allon, ya dubi yatsuna da ke naɗe da filasta, ya ce, "Alhaji, a ce wa abokin nan ya sayi sabo, kuma Allah ya ba shi lafiyar hannu."

Da sabon allo ya iso, na kwana uku a gaban manhajar Betaflight ina sauya lambobin PID, waɗanda su ke hana jirgi karkarwa da tangaɗi a sama. Ban san abin da ko ɗaya yake yi ba, amma daɗin faɗa gare su. Sai na gayyato 'yan majalisarmu filin ƙwallo bayan La'asar. Na sa farar shadda da baƙin gilashi, na sa aka matsar da yara baya.

Na tura sandar rimot. Jirgi ya ɗauki kuka kamar an taɓo gidan zuma, amma ko motsi. Na ƙara wuta, ya ƙara lafewa a ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Ɗan ƙanwata, wanda bai gama firamare ba, ya ce da ƙarfi, "Kawu, ai sama yake hura iskar!" Na daka masa tsawa, na ce matsalar PID ce, ba ta yara ba.

Ashe gaskiyarsa. Injina biyu da ke kusurwoyi masu fuskantar juna suna juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, sauran biyun akasin haka, kuma kowane da irin farfelarsa. Ni kuwa na musanya farfelar duka huɗun, na zama mutumin da ya ƙera na'urar danne kanta. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar dai yaron a tsugune ya hango.

Na durƙusa kamar batir nake dubawa, na sauya na gaba biyu a sace. Ina jin an fara dariya sai na miƙe da sauri, na bar na baya yadda suke. Ina tura sanda, gaba ya ɗaga, baya ya danne, jirgi ya yi adungure ya kife, ɓallin farfela ya yi tsalle. Bai matsa taku biyu daga inda yake ba. Ni ne na yi taku ashirin, na bar hula da takalmi ɗaya, na ƙare da ƙafar dama cikin kwata.

Burina dai ya cika. Yanzu daga bakin masallaci har wajen mai shayi, Injiniya ake kirana, sai dai ba wanda ke iya ƙarasa sunan bai tuntsire ba. Jirgin yana tashi lafiya lau a hannun ɗan ƙanwata, ni an bar mini cajin batir. Damina kuwa ta sauka, kuma duk sanda ruwa ya fara ɗiga a kan murhu, uwargida takan ɗaga murya ta ce, "Injiniya, zo ka gyara mana PID ɗin kwanon nan."